Rage Ƙiba da Abincin Tukunyarmu: Tambayoyi da Amsoshi kan Sauyi da Awo

Yawancin jadawalin rage ƙiba da ke yawo a WhatsApp da Facebook ba don kicin ɗinmu aka rubuta su ba. Mutum zai karɓa da ɗoki, ya sha wahalar neman kayan da ko sunansu bai iya faɗa ba, bayan kwana goma kuɗi su ƙare, ya koma tuwonsa yana ganin shi ne ya gaza, alhali jadawalin ne bai dace da shi ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa, kuma amsoshin duk a kan abu ɗaya suka tsaya: abincin da kika saba dafawa ya isa, in an gyara yawansa, an rage mai da zaƙi.

An turo min jadawali mai su oats da kifin salmon da wani ganye wai shi broccoli. Dole sai na nemo su?

A'a, Hajiya. Ki daina kallon sunan abincin, ki kalli aikin da aka sa shi ya yi a faranti. Abinci gida-gida ne. Akwai gidan sitaci: gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, doya, rogo, dankali. Akwai gidan masu gina jiki, wato furotin: nama, kifi, ƙwai, wake, waken suya, nono. Akwai ganye da kayan lambu, akwai 'ya'yan itace, sannan akwai mai. Ƙa'idar sauyi ita ce a cire abu a sa ɗan gidansu, da awo kwatankwacin nasa.

Oats hatsi ne, ɗan gidan sitaci, saboda haka kokon gero ko na dawa mara sukari zai tsaya a madadinsa. Salmon kifi ne mai maiƙo. Kifin Titus da sadin da ake sayarwa a kasuwanninmu su ma masu maiƙo ne, kuma ba su kai shi tsada ba. Broccoli kuwa, ga kabeji ɗan uwansa, ga zogale, rama, alayyahu, yakuwa. Inda ake yin kuskure shi ne a tsallaka gida: jadawali ya ce ƙwai biyu, mutum ya ce ba shi da ƙwai, sai ya ci burodi. Wannan ba sauyi ba ne, ƙarin sitaci ne.

Mene ne kalori, kuma nawa ya kamata in rage?

Kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana da kalori 4, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Abin da jiki bai ƙona ba sai ya adana shi a matsayin kitse. A ƙiyasin da aka fi amfani da shi, matsakaiciyar mace na bukatar kusan kalori 2,000 a rana, namiji kusan 2,500, amma adadin yana hawa da sauka gwargwadon tsawo, shekaru da irin aiki. Manomin da ke huɗa da garma ba ɗaya yake da mai zaman shago ba.

Rage kusan kalori 500 a rana yakan sauke kimanin rabin kilo a mako. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci suka fi aminta da shi. Kuma ba sai an zama siriri ake ganin amfani ba. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana taimaka wa hawan jini da sukarin jini. Mai kilo 90, kilo huɗu da rabi zuwa tara ke nan. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga da aka ɗora kan burin sauke kashi 7 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58.

To tuwo fa? An ce in har ina son tumbina ya faɗa sai na rabu da shi.

Malam, wanda ya ce ka rabu da tuwo ya yanke maka hukuncin faɗuwa tun kafin ka fara. Bahaushen da ya tashi da tuwon dare shekara arba'in ba zai bar shi har abada ba, kuma babu dalilin da zai sa ya bari. Matsalar ba tuwon ba ce, girman malmalar ce.

Busasshen garin masara, dawa ko gero giram 100 yana da kalori kusan 350. Idan malmalar gidanku ta ci gari haka, ka tashi da biyu, ka kai 700 tun ba a lissafa miya da man da ke cikinta ba. Dubi yadda muke zuba abinci: tuwo ya cika kwano, miya 'yar kaɗan a gefe, nama tsoka ɗaya in an samu. Juya wannan tsarin ake so. Ka ɗauki faranti matsakaici, ka raba shi a ido: rabi na ganye da kayan lambu, kwata na furotin, kwata na tuwo ko shinkafa. Haka ƙungiyar masu ciwon suga ta Amurka take koyarwa, kuma ya zauna daram a kan abincinmu, domin miyar kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa da ayoyo duk marasa nauyin kalori ne in ba a cika musu mai ba. A taƙaice, maimakon ka ci tuwo da miya, ka sha miya da tuwo.

Wata dabara da ta fi wa'azi tasiri ita ce a canza marar kwasa. In uwargida ta samo ƙaramar mara, malmala za ta rage girma ba tare da an yi ta ciniki kullum ba. Ido ya ga malmala cikakkiya, zuciya ta kwanta.

Ba ni da sikelin kicin. Da me zan auna?

Da hannunki. Dunƙulen hannu kusan kofi ɗaya ne, shi ne awon tuwo, shinkafa, taliya, dambu ko doya a zama ɗaya. Dafaffiyar shinkafa kofi ɗaya tana da kalori kusan 200. Tafin hannu ban da yatsu shi ne awon nama ko kifi. Babban yatsa shi ne awon mai ko man shanu, kusan babban cokali ɗaya. Ganye kuwa, cika hannu biyu ko fiye. Daɗin wannan awo shi ne hannun kowa daidai da jikinsa yake: ƙaton namiji mai aikin ƙarfi zai iya fara da dunƙule ɗaya da rabi ko biyu, ƙaramar mace mai yawan zama ɗaya ya ishe ta. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Bayan mako biyu ba za ki ƙara bukatar gwadawa ba.

Na rage tuwo da shinkafa sosai, amma shiru kake ji. Me ya rage?

Ki leƙa galan ɗin mai. A ganina nan ne mafi yawan gidajenmu suke tafka asara ba su sani ba, domin mai ba ya cika ciki, ba ya ɗaukar wuri a faranti, amma shi ya fi komai nauyi. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma babu bambanci a wannan tsakanin man gyaɗa, manja da man zaitun mai tsadar nan. Man zaitun yana da nasa amfanin ga zuciya, amma ba ya ramar da kowa.

Yi wannan lissafin. Kofi ɗaya na mai kusan kalori 2,000 ne. Idan aka zuba shi a miyar dage-dage ta mutum shida, kowa ya kwashi sama da 300 daga mai kaɗai. A rage shi zuwa rabi, kowane mutum a gidan ya tsira da sama da 150 a wannan cin kawai, kuma in an bar tumatir da tattasai da albasa suka nuna sosai, ba kowa zai gane ba. Abin da nake ba da shawara shi ne a daina tuttula mai daga bakin galan, a riƙa auna shi da cokali. Man da ya taso saman miya kuma a kwashe shi.

Sai abincin da man ne ransa. Garau-garau shinkafa da wake ne, haɗi mai kyau ƙwarai, amma cokali huɗu na mai da ake malala masa sun fi kofi biyu na shinkafa kalori. A sa cokali ɗaya, a yawaita wake, a yanka kabeji, tumatir da gurji. Ɗan wake ma haka. Ƙosai da alale uwarsu ɗaya, wake, sai dai ɗaya ya yi iyo a mai ɗaya ya sha turiri, don haka alale ya fi. Awara furotin ce mai arha, amma soya ta sau biyu, da ƙwai a karo na biyu, yana mayar da ita soson mai. A jefa ta a miya ko a gasa. Doya da dankali a dafa ko a gasa. Waina a shafa wa tanda mai da tsumma mai tsabta maimakon a zuba, a ci uku da miyar taushe mai yawan ganye da kabewa, ba takwas da sukari ba.

Ni ba na cin abinci da yawa, sai dai shaye-shaye: shayi, zoɓo, lemo.

To ai ga ɓarawon nan. Abin sha mai zaƙi ba ya ƙosarwa, mutum zai sha kalori 200 ya tashi ya ci abincinsa cif. Lemon kwalba na roba mai rabin lita yakan ɗauki sukari kusan giram 50, fiye da ƙaramin cokali goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin rana, in an iya ma a sauko ƙasa da kashi 5, wato kusan giram 25, ƙaramin cokali shida. Mai shan shayi sau biyu da cokali uku-uku ya cinye kasonsa ke nan tun bai taɓa komai ba. Balle shayin mai shayi, mai kauri, da madara da Milo da sukari.

Zoɓo kansa ba shi da laifi, kusan babu kalori a cikinsa. Sukari da kayan ɗanɗanon da ake zuba masa ne. A dafa shi da citta, kanumfari da ɓawon abarba, a rage sukarin a hankali, rabi a makon farko, har harshe ya saba. Maltina da ire-irenta lemo ne, ba maganin ƙarin jini ba ne. Lemon zaƙi kuma gara a sha shi da totuwarsa da a matse biyar a kofi.

Fura da nono, kunun gyaɗa, kunun zaƙi da kunun aya a lissafa su a matsayin abinci. Fura da kindirmo cin rana ne cikakke, akwai hatsi akwai furotin. Laifin shi ne a ci shinkafa a ƙoshi sannan a kora da ita. A zaɓi ɗaya.

Gaskiya ne acca da alkama ba sa sa ƙiba?

Ba gaskiya ba ne. Acca, wadda ake nomawa a Filato, Bauchi da kudancin Kaduna, hatsi ce mai kyau, amma kalorinta kusan ɗaya ne da na sauran hatsi. Tuwon alkama ma haka. Fifikon hatsin da ba a surfe shi tas ba shi ne dusarsa tana sa a daɗe ba a ji yunwa ba. Wanda ya bar malmala biyu ta masara ya koma biyu ta alkama, an gudu ba a tsira ba.

Gyaɗa, dabino da zuma fa, tunda na Allah ne ba na kamfani ba?

Na Allah ne, amma suna da nauyi. Gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550, kuma kowa ya san ba a jin lokacin da kwalba take ƙarewa ana hira. Cikin tafin hannu ɗaya, kusan giram 30, ya isa. Ƙuli-ƙuli an matse masa mai amma an sake soya shi, a yi kwaɗo da shi daidai misali. Ƙaramin dabino kusan kalori 20 ne, manyan nan masu laushi na tsaraba sun haura 60 kowanne. Uku sun isa. Zuma babban cokali ɗaya kalori 64 ce, ta ma ɗan fi sukari. Idan kwaɗayi ya taso tsakanin abinci, ga gurji, karas, yalo, gwaiba, kankana, gwanda, ko dafaffen ƙwai ɗaya mai kalori 70 da 'yan kai.

Nama ya yi tsada. Da me zan cike gurbin furotin?

Da wake. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, amma har yanzu wasu na ganinsa abincin rashi. Furotin yana riƙe ciki, kuma yana kare tsokar jiki lokacin da ake sauke nauyi, shi ya sa ake so kowane ci ya samu rabonsa. Tafin hannu na nama za a iya musanya shi da ƙwai biyu, kofin dafaffen wake, awara, busasshen kifi ko kofin kindirmo mara sukari. In an samu naman, tsire da balangu sun fi soye, amma a ce wa mai nama ya zaɓo tsoka, ban da kitse da tozo, kuma kada ya yayyafa mai a ƙarshe. Kaza a cire fatar. Kilishi yana da gishiri da tunkuza, a ɗanɗana kawai. Dambun nama soyayye ne.

Tukunya ɗaya muke da ita, mu goma sha ɗaya a gida. Ba zan iya girki biyu ba.

Kada ma ki gwada, ba zai ɗore ba. Ki ci abin da kowa ke ci, ki gyara farantinki. Abu uku suka rage gare ki. Na farko, ki zuba naki daban, domin a babban tire ba wanda ya san iya abin da ya ci. Na biyu, ki tanadi ganye: zogale ko rama da aka dafa, ko yankakken kabeji, ki fara da shi kafin ki taɓa shinkafar. Na uku, ki bar ƙarasa ragowar yara. Wannan na ƙarshen ya fi ƙarfin iyaye mata da yawa, saboda ba a son zubar da abinci. A rufe shi a ajiye, ko a rage abin da ake zuba musu.

In Inna ko surukarki ta ce kin rame ko maigida ba ya ciyar da ke, kada ki yi musu. A wajenmu ƙiba ta daɗe tana nufin hutu da wadata, ba rana ɗaya za a goge wannan ba. Ki ce, "Mama, gwiwa ce ke damuna, an ce in rage nauyi." Maganar lafiya kowa yana karɓarta.

Yaya cin rana ɗaya zai kasance?

Ga misali, ba doka ba. Da safe koko kofi ɗaya mara sukari da alale ɗaya, ko shayi da ƙwai biyu da yankan burodi biyu. Da rana shinkafa da wake dunƙule ɗaya, mai cokali ɗaya, salak mai yawa, ban da mayonis. Da la'asar gwaiba ko gyaɗa cikin tafi. Da dare ƙaramar malmala, miyar kuka ko kuɓewa mai yawa, kifi ko nama. Wanda yake aikin ƙarfi ya ƙara sitacin rana. Mai yin Indomie ya sani ƙaramin ƙunshi ɗaya ya haura kalori 300: ɗaya za a dafa, a cika shi da kabeji, karas da dafaffen ƙwai. Dunƙulen ɗanɗano kuma a rage, domin gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana.

Da azumi ina sa ran ramewa, sai in ga na ƙaru.

Saboda tsakanin magariba da sahur ana cin abin da ya fi na ranakun da ba azumi: kunu da sukari, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, lemo, sannan tuwo bayan asham. A buɗe baki da dabino uku da ruwa, a yi salla, a dawo a ci faranti ɗaya irin wanda aka bayyana a sama. Soye-soye a zaɓi kala ɗaya. Sahur a sa wake, ƙwai ko nono, su ne ke kai mutum la'asar. Hadisin nan da ya raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kowa ya haddace shi. Aiki da shi ne ke wuya idan an jera kuloli.

Shayin rage ƙiba da ruwan ɗumi da lemon tsami suna aiki?

Ruwan ɗumi da lemon tsami ba ya narka kitse; in ya maye gurbin shayi mai sukari, to wannan ne amfaninsa. Da yawa daga cikin shayin rage tumbi kuwa ganyen filasko ne ko danginsa a ciki, gudawa suke sawa. Ruwa ne ke fita, sikeli ya sauka, kwana biyu ya dawo, hanji kuma ya wahala. Lambar NAFDAC a jikin kwali ba shaida ba ce cewa abin yana ramarwa.

Wa bai kamata ya bi wannan shi kaɗai ba?

Mai juna biyu ba ta rage ƙiba sai ta haihu. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci, don haka ta fara da rage zaƙi da soye kawai, ba yunwa ba. Kunun kanwa na jego ma a yi hattara da shi, kanwa gishiri ce, tana iya tayar da hawan jini. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin glibenclamide, in ya rage abinci ba a gyara masa magani ba sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciwon ƙoda ba ya ƙara furotin da kansa. Mai olsa kada ya riƙa tsallake abinci in hakan na tayar masa da ciwon. Yara kuma ba a sa su a jadawalin manya. Duk waɗannan su fara da likita ko masanin abinci na asibiti.

Na sauke kilo biyar, yanzu wata guda sikeli ya ƙi motsi.

Haka jiki yake yi. Da nauyi ya ragu, abin da jiki ke ƙonawa ma yana raguwa, kuma awo yakan koma gidan jiya a hankali: malmala ta ɗan girma, cokalin mai ya koma ludayi. Ki koma awo na mako guda, ki rubuta duk abin da ya shiga baki, har ɗanɗanon girki da cincin ɗin gidan suna. Ki ƙara tafiya, minti 30 kwana biyar a mako, shi ne minti 150 ɗin nan. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ki ci komai, ki tuna cewa gab da al'ada jiki yana riƙe ruwa. Sannan ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugu daidai saitin cibiya: ana so ya kasance ƙasa da rabin tsawonki, wato mai tsawon santimita 160 ƙugunta kada ya kai 80. Sau da yawa tef yana nuna ragi a makon da sikeli ya yi shiru, zanin da ke matse ki ma zai gaya miki.